Yadda ake mayar da waƙar Hausa rubutun MML don kaɗawa a cikin gem

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina buga gem ɗin Mabinogi a kwamfuta, kuma ina ganin mutane suna tsayawa a dandali suna kaɗa waƙoƙin ƙasashensu da wani rubutu na haruffa da lambobi. Ina so in sa waƙar Hausa, amma na duba intanet ban ga wanda ya rubuta ba. Na gwada da kaina, sautukan sun yi kama da na waƙar, sai dai ta fito a sandare, ba ta da rausaya, kuma kiɗan ƙasa yana riga muryar ƙarewa. Ina matsalar take? Na gode. (Daga wani mai karatu, Unguwar Rogo, Jos)

Amsa: Wa alaikumus salam. Tun da ka ce sautukan sun yi kama, kunnenka lafiya lau yake. Matsalarka ta ƙirga ce, wato tsawon da kowane sauti yake ɗauka, kuma abubuwan nan biyu da ka ambata duk daga nan suka taso. Waɗanda kake gani a dandali galibi ba da kunne suka yi aikin ba, fayil ɗin MIDI, wato jerin sautukan waƙa da kwamfuta ke karantawa, suka samu a shirye suka zuba a manhaja irin 3MLE ta juya musu. Waƙoƙinmu ba kasafai ake samun MIDI ɗinsu ba, saboda haka kai da hannu za ka yi, kuma a ganinmu hakan ya fi fitar da aiki mai tsabta.

Rubutun da Mabinogi ke karantawa sunansa MML. Haruffa bakwai ne sautukan: c d e f g a b, daidai da fararen maɓallan fiyano. Alamar + bayan harafi tana ɗaga shi rabin taki, alamar - tana saukar da shi. Harafin r shiru ne. Harafin o da lamba yana faɗin hawan da kake, wato rukunin sautuka bakwai daga c zuwa b, o4c shi ne c na tsakiyar fiyano. Alamar > tana haurawa da kai hawa ɗaya, < tana saukowa da kai. Harafin t gudun waƙa ne, daga 32 zuwa 255, v kuma ƙarfin sauti, daga 0 zuwa 15. Alamar & tana ɗaure sauti biyu su zama ɗaya.

Inda ake tuntuɓe shi ne lambar da ke bin harafi. Rabawa take yi: c4 rubu'in cikakken sauti c1 ne, c8 rabin c4 ne, c16 rabin c8 ne, c2 kuma ninki biyu na c4. Ɗigo bayan lamba yana ƙara rabin tsawon, don haka c4. daidai yake da c8 guda uku. Harafin l yana kafa tsawon da duk sautin da ba a ba shi lamba ba zai ɗauka. Shi kuwa t, adadin c4 nawa ne a minti ɗaya yake faɗi, ba adadin tafin da kake yi ba. Riƙe wannan, don yanzu za mu dawo kansa.

Kafin ka rubuta harafi ko ɗaya, kunna waƙar ka riƙa tafi a inda ƙafarka take son takawa. Ƙirga tafin na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Sai ka saurari kiɗan da ke tsakanin tafi da tafi: kashi biyu ya rabu ko kashi uku? Kiɗan Hausa da yawa, musamman na kalangu da waƙoƙin biki da suka gaji salonsa, uku-uku yake tafiya. Wanda ya rubuta irin wannan kiɗa da c8 biyu a kowane tafi ya daidaita abin da asalinsa dogo ne da gajere, shi ya sa rausayar ta mutu. Muna kyautata zaton abin da ya same ka ke nan.

Gyaran hanya biyu ne. Mu ce ka samu tafi 50 a daƙiƙa 30, wato 100 a minti. Hanya ta farko, ka ɗauki kowane tafi a matsayin c4. mai ɗigo, ka sa l8, sannan ka ninka gudun sau ɗaya da rabi: t150, ba t100 ba. Idan ka manta ka bar shi t100, waƙar za ta yi ta jan ƙafa. Hanya ta biyu, ka bar t100 ka sa l12, domin 12 guda uku su ne c4 ɗaya. Dogon sauti mai kashi biyu cikin uku sai ya zama 6. Ta biyun tana da amfani idan waƙar mai sauri ce har ninkawar za ta wuce 255.

Ga ɗan karin da muka ƙirƙira don misali, zagaye huɗu, kowane zagaye tafi biyu:

MML@t150l8o5e4ga4ge4dc4.d4eg4ed4.r4.,l4.o3cgcgdgdr,;

Abin da ke gaban waƙafi na farko shi ne murya, na bayansa kiɗan ƙasa, layi na uku mun bar shi babu komai. Yanzu a yi lissafi, a ɗauki c8 a matsayin ɗaya. Zagayen farko e4 g a4 g: biyu, ɗaya, biyu, ɗaya, shida ke nan. Na biyu e4 d c4.: biyu, ɗaya, uku, shida. Na uku shida, na huɗu uku da uku. Jimla 24. Kiɗan ƙasa alamomi takwas ne har da shirun, kowanne uku, 24. Sun yi daidai, don haka tare za su ƙare.

Wannan lissafin shi ne maganin matsalarka ta biyu. Gem ba ya duba ko layukanka sun yi daidai, kowane layi gudunsa yake yi daga farko har ya ƙare. Idan ka tsallake c8 ɗaya a zagaye na tara, daga nan har ƙarshe layin zai riƙa riga ɗan'uwansa, kuma a t150 tazarar kashi ɗaya ce cikin biyar na daƙiƙa, wadda kunne ke kamawa sarai. Mafi yawan abin da ake mantawa shiru ne: inda mawaƙi ya ja numfashi, ko inda ya jira 'yan amshi. Shiru ma sai an rubuta shi da r da tsawonsa. Haka nan idan mawaƙi ya shigo kafin kiɗa ya faɗi, sai ka sa wa layin ƙasa shiru gwargwadon abin da ya riga shi da shi. Shawararmu, yayin aiki ka rubuta kowane zagaye a layinsa a Notepad, ka sa jimlarsa a gefe, sai ka gama ka share lambobin gefen ka haɗe rubutun. Kuma ka riƙa adanawa akai-akai, ka san halin wuta.

Akwai wata dabara da mai jin Hausa ya fi kowa samun sauƙinta. Rubuta baitin da hannu, ka raba shi gaɓa-gaɓa. Gaɓa mai nauyi, wato mai dogon wasali ko wadda ta ƙare da baƙi, yawanci ninki biyu take ɗauka na gaɓa marar nauyi, domin a kan wannan awon karin waƙar Hausa ya ginu. Ka ba mai nauyi 4, marar nauyi 8, za ka ga rabin aikin ƙirga ya wuce tun kafin ka matsa kunne. Ba doka ba ce da ba ta karyewa, mawaƙa suna jan gaɓar ƙarshen layi yadda suka so, wani lokaci kuma su cusa gaɓa uku a gurbin biyu. Amma mafari ne mai kyau, kunne sai ya gyara sauran.

Maganar nemo sautukan kansu ba mai tsawo ba ce tun da ka riga ka kama hanya. Sa waƙar a manhajar gyaran sauti ta Audacity, kyauta ake sauke ta, ka rage gudunta da Change Tempo zuwa kamar rabi. Wannan ba ya taɓa kaifin murya, saɓanin Change Speed da ke kaurara ta. Fara da neman gida, wato sautin da waƙar take komawa ta huta a ƙarshen amshi, ka laluba shi a fiyanon waya. Waƙoƙinmu da dama a kan sautuka biyar suke yawo, kamar c d e g a, don haka da ka samu gida ka samu sauran huɗun, zaɓinka ya ragu ƙwarai. Waƙar situdiyo ta zamani ta fi sauƙi, da fiyano aka yi kiɗanta, kuma gyaran muryar nan da wasu ke kushewa ya riga ya zaunar maka da kowane sauti a kan maɓallinsa. Goge da kukuma da gurmi kuwa ba da awon fiyano ake ɗaure su ba, sau da yawa za ka ji sautin ya faɗo tsakanin maɓallai biyu. A nan sai ka matsar da waƙar gaba ɗaya da Change Pitch har gidan ya hau maɓalli daidai, sauran ka zaɓi mafi kusa. Inda ka yi kokwanto, rubuta duka biyun ka saurara, wanda bai sosa kunne ba shi ne.

Ka kula da iyakar hawa: tsakanin b da c take. Idan kana kan a kana son c na samanta, sai ka rubuta a>c, in ba haka ba zai faɗo c na ƙasa, ka ji waƙar ta yi tsalle inda bai kamata ba. Kuma idan ka haura, kada ka manta ka sauko.

Abin da rubutun nan ba zai iya ba shi ne lanƙwasa sauti. Makaɗin kalangu yana matse tsarkiya a hammata sautin ya zame sama, mai goge yana jan yatsa, mawaƙi yana karya murya. A MML na Mabinogi kowane sauti a tsaye yake. Abin da ake yi shi ne a sa ɗan gajeren sauti kafin babban, amma a cire lokacinsa daga jikin babban. Maimakon e4 sai ka rubuta d16e8. mai ɗigo, jimlarsu e4 ɗin ce dai. Wanda ya ƙara d16 ya bar e4 yadda yake ya sake jawo wa kansa rashin daidaiton layuka. Kada kuma a cika wannan ado, sau ɗaya ko biyu a layin waƙa ya isa.

Kowane layi sauti ɗaya yake fitarwa a lokaci guda, layukan kuma uku ne, saboda haka sai ka yi zaɓi. Ga waƙar da ke da jagora da 'yan amshi, abin da ya fi dacewa shi ne jagora a layi na farko, amshi a na biyu, domin sau da yawa amshin yana shigowa kafin jagora ya rufe baki, kiɗan ƙasa kuma a na uku. Ganga ba ta da harafinta a kayan kiɗa mai tsarkiya, sai dai ka kwaikwayi takunta da sautuka biyu masu kauri a o2 ko o3, gida da na biyar a samansa, ka rage musu ƙarfi zuwa kamar v8 don kada su danne murya.

Sai kuma iyakar haruffa. Ko ka kai babban matakin nan na Rank 1 a fasahar tsara waƙa ta gem ɗin, haruffa 1200 ne na layin farko, 800 na biyu, 500 na uku, kuma a ƙananan matakai ba su kai haka ba. Idan kowane sauti ya ci haruffa biyu, sautuka 600 ke nan, abin da bai wuce minti biyu zuwa uku ba a irin gudun misalinmu. Waƙar Hausa mai minti shida ko goma ba za ta shiga ba, kuma babu alamar maimaitawa, duk amshin da aka sake sai an sake rubuta shi. Ɗauki buɗewa, amshi, baiti ɗaya, ka rufe da amshi. Don tsimi, ka ba l tsawon da ya fi yawa a waƙar, ka yi amfani da > da < maimakon o5 da o4, ka rubuta c4. a madadin c4&c8. Idan waƙar tana cike da + da -, matsar da ita gaba ɗaya zuwa inda gidan zai zama c ko a, alamomin sai su zube. Wannan iyakar ce ta sa ba mu cika ba da shawarar manhajojin da ke juya sauti zuwa MIDI kai tsaye ba, irin Basic Pitch: suna kamo kowace rawar murya, su cika maka rubutu da 32 da 64 da &, haruffanka su ƙare kafin a kai amshi.

Canza gudu a tsakiyar waƙa, a guje shi in da hali. In ya zama dole, a sa t ɗin a daidai gurbi ɗaya a duk layukan.

Idan wata rana ka koma gem ɗin The Lord of the Rings Online, can rubutun ABC ake amfani da shi, wanda Chris Walshaw ya ƙirƙiro. Aikin kunne da ƙirgar duk ɗaya ne, amma lambar ninkawa take yi maimakon rabawa. Da M:6/8 da L:1/8 da K:C a kan fayil ɗin, muryar misalinmu za ta zama e2g a2g|e2d c3|d2e g2e|d3 z3|, inda z ke nufin shiru. Hawa uku kawai gem ɗin ke karɓa, kuma babban harafi da ƙarami ba sauti ɗaya ba ne, C yana ƙasa da c da hawa guda. Saboda haka kada ka rubuta ABC da allon waya mai gyara rubutu da kansa, kada kuma ka liƙa shi kai tsaye a saƙon WhatsApp, domin alamar _ da ABC ke saukar da sauti da ita, shi WhatsApp karkata rubutu yake yi da ita ya haɗiye ta. Tura shi a matsayin fayil.

Kafin ka zuba rubutun a takardar waƙa ta cikin gem, gwada rubutun a 3MLE tare da asalin waƙar tana tashi a gefe, ka tayar da su lokaci ɗaya. Idan sun fara tare suka riƙa rabuwa a hankali a hankali, t ne bai yi daidai ba, ƙara ko rage biyu zuwa uku ka sake. Idan kuwa suna tafiya tare sai kwatsam suka rabu a wani wuri, koma zagayen da ya zo kafin wurin ka sake ƙirga shi.