Tambaya da Amsa: Hannun mutum-mutumi ba ya mangare mutum?

TAMBAYA: Malam, na ga wani bidiyo a Facebook, wata mata tana haɗa kayan lantarki, ga hannun mutum-mutumi a gefenta yana miƙo mata kaya, ba shinge ba komai. Ni makaniki ne, na san abin da inji ke yi wa yatsa. Gaskiya ne, ko haɗin kwamfuta ne? Daga wani makaniki a Zariya.

AMSA: Gaskiya ne ɗan'uwa, kuma tsoronka na kan hanya. Hannuwan masana'anta na da, tun daga wanda ake kira Unimate da kamfanin motoci na General Motors ya girka a 1961, ba ruwansu da wanda ke tsaye kusa. Shi ya sa ake tsare su cikin keji kamar kura. A 1979 irinsu ya kashe wani ma'aikaci a masana'antar Ford da ke jihar Michigan a Amurka.

Wanda ka gani wani iri ne daban. Na farko, ba shi da nauyi. Ɗauki UR5 na kamfanin Universal Robots da ke Odense a Denmak, wanda aka fara sayarwa a 2008: nauyinsa wajen kilo 18, ko rabin buhun siminti bai kai ba, iyakar abin da yake ɗagawa kilo 5. Na biyu, yana ji a jikinsa. LBR iiwa na kamfanin KUKA na Jamus gaɓa bakwai gare shi, yana lanƙwasa kamar hannunka daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, kowace gaɓa kuma da na'urar da ke auna ƙarfin abin da ta ci karo da shi. Yana gogar gwiwar hannunka sai ya tsaya cak.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake koya masa aiki. Kama shi za ka yi, ka ja shi nan, ka kai shi can, ka danna maɓalli, shi ke nan ya haddace. Tamkar dai ka kama hannun yaron gareji kana nuna masa riƙon sifana, sai dai wannan ba ya cewa ya tafi cin abinci.

Amma kada daɗin bakin 'yan talla ya ɗebe ka. Hannun ne mai ladabi, abin da aka damƙa masa bai san ladabi ba. Ɗaura masa wuƙa ko bakin walda, ko a hankali ya taɓa ka sai ka ji a jikinka. Don haka ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO/TS 15066 ta 2016 ta ƙayyade ƙarfin da aka yarda ya sauka a kowane sashe na jiki, ta fi tsanantawa a kai da fuska. Bin wannan ƙa'ida kuwa sai da rage gudu. Mai masana'antar da ke son sauri, ƙarshenta sai ya koma ya kewaye shi da shinge, duk da tsadar da ya saye shi.