Me ke cinye 'ya'yan kifin salmon a rafukan daji?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da 'ya'yan salmon ke ƙarewa kafin su kai teku. Ɗauki salmon irin koho na jihohin Oregon da Washington a Amurka: yakan yi kusan shekara 1 a rafi bayan ƙyanƙyashewa. A wannan lokacin manyan kifaye irin su turawut suna haɗiye shi, zalɓe da karen ruwa ma ba sa ƙyale shi.

Amma ni laifin ɗan Adam ya fi damuna. A shekarun 1960 da 1970 an riƙa kwashe itatuwan da suka faɗa cikin rafuka, ana zaton gyara ake yi, alhali nan ne maɓuyar ƙananan kifin. Yanzu masana na mayar da gungume cikin ruwa.