Aikinka Ya Tafi Indiya, Kai Kuma Kwana 60 Gare Ka

Wani ɗan'uwa ya rubuto mini daga jihar Ohayo ta Amurka. Shekararsa ta huɗu ke nan yana kula da kwamfutocin wani kamfanin inshora da bizar H-1B, wato bizar aiki ta ƙwararrun baƙi. An tara su an ce za a miƙa sashensu ga wani kamfani a Haidarabad ta Indiya, ƙarshen wata mai zuwa kowa ya kama gabansa, kuma kuɗin sallama sai wanda ya tsaya ya koya wa waɗanda za su gaje shi aikin ta bidiyo. Wani ejan ya ce ya kawo dala 7,000 a sa sunansa cikin ma'aikatan kamfaninsa kafin ya samu aiki na gaske. Yayansa da ke gida kuma ya ce ya kwantar da hankalinsa, ya ji a labarai gwamnatin Amurka za ta hana kai ayyuka waje, saboda haka kada a tsayar da kuɗin ginin da ake yi, in ta kama ma ya ciro daga asusun fanshonsa. Yana tambaya: ya jira gwamnati, ko ya biya ejan?

Ƙanena, Allah Ya kawo maka mafita. Ko ɗaya kada ka yi.

Bari in fara da labarin da Yaya ya ji, don shi ne zai sa ka yi sakaci. Kamfaninku bai kai aikin Haidarabad don yana ƙin ka ba. Lissafi ya yi: albashinka kai kaɗai, haɗe da inshorar lafiya da kuɗin lauyan biza, zai biya mutane da dama a can, masu digiri, masu Turanci, waɗanda ke farke lokacin da Amurka take barci. Mutum sama da miliyan 5 ke cin abinci a wannan fanni a Indiya, sama da miliyan ɗaya kuma a cibiyoyin amsa waya da makamantansu a Filifin. Ba abu ne da jawabi ɗaya zai rushe ba. Harajin shigo da kaya da kake jin ana ta hayaniya a kansa, ƙarfe da mota da tufafi yake kamawa, abin da ke biyowa ta tashar jiragen ruwa ma'aikacin kwastam ya gani da idonsa. Aikinka ta intanet yake tafiya ya dawo, babu kwantenar da za a tsayar.

'Yan siyasa kuwa sun daɗe suna wannan alkawari. A 2012 an kawo ƙudiri a majalisar dattawa na ba da rangwamen haraji ga masu dawo da ayyuka gida, ya mutu a nan. Aka sake kawo shi a 2014, ya sake mutuwa. A 2016 kamfanin Carrier, mai ƙera na'urorin dumama da sanyaya ɗaki, ya ce zai kwashe ayyuka 1,400 daga Indiyanafolis ta jihar Indiyana a Amurka zuwa Monterrey ta Meziko. Trump ya shiga maganar da kansa, jihar Indiyana ta yi alkawarin rangwamen dala miliyan 7 cikin shekara goma, aka bar kimanin ayyuka 800, amma duk da haka ɗaruruwan mutane sun karɓi takardar sallama. Wannan fa masana'anta ce da duniya ta zuba wa ido, ba ƙaramin sashe a kamfanin inshora ba. Shirin tallafa wa waɗanda cinikayyar waje ta raba da aikinsu, wanda aka kafa tun 1962, ya daina karɓar sabbin buƙatu a Yulin 2022. Abin da nake zaton Yaya ya ji shi ne ƙudirin Sanata Bernie Moreno, na jiharka ta Ohayo, wanda ya gabatar a Satumbar 2025, na ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari kan kuɗin da ake biyan masu yin aiki daga waje. Ƙudiri daban, doka daban. Ko yau ya zama doka, kamfanin da ya riga ya sa hannu a kwangila ba zai buga maka waya gobe ba. Zama jiransa jiran gawon shanu ne.

Ga abin da mutanenmu ba sa lura da shi. Idan gwamnati ta tashi kare ayyukan 'yan ƙasa, wanda hannunta ya fi saurin kaiwa gare shi shi ne baƙon da ke cikin gida, wato kai. A wancan watan na Satumbar 2025 aka ɗora dala 100,000 kan sabbin takardun H-1B na waɗanda ke wajen ƙasar, da sa hannun shugaban ƙasa kawai, ba a jira majalisa ba. Kuma an taɓa ganin inda irin wannan matsi yake kaiwa: da adadin bizar ya sauko daga 195,000 zuwa 65,000 a 2004, binciken Britta Glennon ta jami'ar Fensilbeniya ya nuna manyan kamfanoni sun ƙara ɗaukar ma'aikata ne a rassansu na waje. An hana mutum zuwa wurin aiki, sai aiki ya je wurin mutum.

To, ga naka lissafin. Ka san kwana 60 ake ba mai H-1B da ya rasa aiki ya samu wani ko ya bar ƙasar, amma ka tabbata ka san daga ina suke farawa. Daga ranar da ka daina aiki ake ƙirgawa, ba daga ranar da kuɗin sallama ya ƙare ba, kuma in wa'adin da ke kan I-94 ɗinka, wato takardar da ke nuna ranar ƙarewar izinin zamanka, ya riga su cika, shi ne iyakarka. Saboda haka ka danne zuciya ka koya wa mutanen nan aikin. Na san da ciwo, amma kowace rana da sunanka ke cikin masu karɓar albashi rana ce da agogonka bai fara tafiya ba. Ka roƙi a tsawaita ranar tafiyarka ko da za a rage kuɗin sallama. Sabon kamfanin da ya ɗauke ka, da zarar ya shigar da takardarka za ka iya fara masa aiki, ba sai ka sake shiga ƙuri'ar rabon bizar ba. Ka duba jami'o'i da cibiyoyin bincike marasa neman riba, da asibitocin da ke haɗe da jami'o'i. Ba su biyan albashin da ka saba, amma sun saba da takardun baƙi. In lokaci ya ƙure, lauyan shige da fice mai lasisi zai duba maka ko a nemi sauya matsayinka zuwa na ɗan ziyara kafin kwanakin su cika.

Yanzu ejan. Na san wannan sana'ar, na ga ƙarshenta. Za ka ba shi dala 7,000, sannan duk wata ka kawo masa albashinka daga aljihunka, ya cire haraji da ladansa, ya maido maka da sauran tare da takardar shaidar albashi. A takarda kana aiki, a zahiri kana zaune a ɗaki. Wani da na sani ya yi haka, daga baya ya samu aiki mai kyau, ya ɗauka an wuce wurin. Sai da aka zo neman takardar zama na dindindin aka tambaye shi sunan shugabansa a wancan kamfani da wurin da yake zama a ofis. Ofishin akwatin wasiƙa ne a wani shago, ejan kuma ya daɗe da sauya lamba. Wuce wa'adi da fiye da kwana 180 yana jawo haramcin shiga na shekara 3, shekara guda kuma na shekara 10, amma ƙarya ga hukumar shige da fice haramcinta ba ya da ranar ƙarewa. In ya ce maka to ka yi rajista a wata makaranta da ba sai ka shiga aji ba, ka tuna jami'ar Farmington ta Mishigan: jami'an gwamnati ne da kansu suka kafa ta tarko, aka bankaɗo a 2019, aka kama ɗalibai da dama aka mayar da su ƙasarsu. Kuma kada don yana jin Hausa ko kuna haɗuwa a masallaci ka saki jiki. Masu irin wannan harka da nasu suke fara kasuwa.

Maganar gida kuma, ina bayanka, ba na bayan Yaya. Asusun fanshon nan, in ka taɓa shi kafin shekara 59 da rabi, akwai tarar kashi 10 cikin ɗari ban da haraji. A ce mutumin da bai san ko zai kwana a ƙasar nan da wata uku ba ya kwashe ajiyarsa don a yi rufi da fenti, wannan ba zumunci ba ne, son kai ne. Gini ba ya gudu. Abincin Mama da maganinta kada su tsaya ko da wasa, amma duk abin da ya wuce wannan ya jira. Kai ma da laifinka: ka ce ba ka gaya wa Mama komai ba don kada hankalinta ya tashi, sai ka bar Yaya shi kaɗai ke riƙe da labari yana juya shi yadda ya ga dama. Ka kira ta da kanka. Iyaye mata sun fi mu jure gaskiya, kuma in ta ce a dakata da gini, babu mai ɗaga murya. Shi kuma Yaya ka yi masa magana da ladabi, ka ce, "Yaya, ka yi haƙuri, daga wannan wata sai na Mama kawai har Allah Ya buɗa." Kada ka yi alkawarin rana.

Kafin ka sa hannu a takardar sallama, ka kai wa lauya ya karanta. Ka nemi kamfani ya rubuta maka ranar aikinka ta ƙarshe, ka kwafi takardun albashinka da duk takardun amincewar bizarka tun kafin a rufe maka imel ɗin ofis. Ka kuma tuna musu cewa tunda su suka sallame ka kafin wa'adi, doka ta ɗora musu kuɗin jirgin komawarka gida. In har tafiyar ta zama dole, ka fita cikin kwanakinka, domin shekarun da suka rage maka cikin shida na H-1B ba su ƙone ba, amma ka tambayi lauyan yadda dala 100,000 ɗin nan za ta shafi dawowarka tun kafin ka yanki tikiti.