Me ya sa ramin da aka haƙa a jami'armu ya ƙi rufuwa?

Tambaya: Injiniya, ni ɗaliba ce a aji uku. Tun farkon zangon karatu aka haƙe hanyar da ke tsakanin ɗakin kwananmu da laburare, aka kewaye ta da kwano, yanzu sai mun yi dogon zagaye. Sau biyu aka ɗauke mana ruwa, ƙarar injin fasa kankare kuma ba ta barinmu mu ji lacca. Abin da ya fi ba ni haushi, wasu ranakun ko lebura ɗaya ba na gani a wurin. Me ya hana su yin aikin lokacin hutu? Ko sakaci ne kawai?

Amsa: Malama, haushinki yana kan hanya. Sai dai a cikin abubuwan da kika lissafa akwai waɗanda aikin ne ya gaji haka, akwai kuma waɗanda laifin masu tsara shi ne, kuma ya kamata ki iya rabe su.

Jami'a gari ce guda. Ƙarƙashin hanyar da kike bi akwai bututun ruwan sha, da magudanar ƙazanta, da kebul ɗin lantarki, da wayar intanet, a wasu wuraren har da bututun gas. Ba rana ɗaya aka binne su ba, ba kuma mutum ɗaya ba. Wani bututun ya girme ki nesa ba kusa ba, wanda ya sa shi ya yi ritaya, taswirar da ya bari kuwa ba lallai ta nuna inda aka karkata shi daga baya ba. Na taɓa tsayawa a bakin wani rami a wata jami'a, taswira a hannuna tana cewa babu komai a wurin, sai ga haƙoran katafila sun ɗago baƙar waya mai kaurin ɗan yatsa. Kafin direban ya sauko, intanet ta ɗauke a gine-gine uku. Tun daga ranar ba na barin inji ya taɓa ƙasa sai an bi wurin da na'urar gano abin da ke binne, an kuma tona ƙananan ramukan gwaji da shebur. A Amurka tun 2007 akwai lambar waya 811 da ake kira kafin a yi haƙa, a zo a shafa fenti a ƙasa: ja na lantarki, shuɗi na ruwan sha, kore na magudanar ƙazanta, rawaya na gas. Ko da wannan tsarin ana yin kuskure, balle inda babu shi.

Yanzu ga ranakun da ba kya ganin kowa, waɗanda su ne suka fi ci miki rai. Sau da yawa jira ake yi, kuma jiran yana cikin aikin. Kankare ba ya ƙarfi a kwana ɗaya. A kwana 7 yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, ma'aunin da injiniyoyi ke dogaro da shi kuwa na kwana 28 ne. In an ɗora masa nauyi da wuri sai ya tsage, a dawo a fasa. Sabon bututun ruwa ma ba a haɗa shi da famfunanku da zarar an shimfiɗa. Sai an cika shi an matsa ruwa a ga ko yana yoyo, a zuba sinadarin kulorin ya yi kamar awa 24 a ciki, a wanke, a ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaje-gwaje, a jira sakamako ya nuna babu ƙwayoyin cuta. Dubban mutane ne za su sha ruwan nan, don haka ni ba na yarda a tsallake ko mataki ɗaya. Cike ramin kansa kaɗan-kaɗan ake yi, a zuba ƙasa a daddale, a ƙara a daddale. Wanda ya ture ƙasar gaba ɗaya ya shafe da kwalta, bayan ruwan sama na farko hanyar za ta lotsa. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Amma ba kowane shiru ne na jira ba. Wani lokaci kuɗi ne ba a biya ɗan kwangila ba ya kwashe mutanensa, ko an fara haƙa alhali kayan da za a sa ba su iso ba. Wannan rashin tsari ne, ba ni da abin kare shi. In kika ga makonni sun wuce, ruwa ya kwanta a rami, ciyawa ta fito a kan tulin ƙasa, to ba kankare ake jira ba.

Batun hutu kuwa, ana ƙoƙarin haka, hutun ne ba ya isa. Dogon hutu bai wuce wata biyu zuwa uku ba, babban gini kuwa yakan ci shekara ɗaya da rabi ko biyu. Sannan jami'a ba ta rufuwa ɗungurungum. Masu bincike suna nan, kuma akwai firizoji da ke ajiye samfuran bincike a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, waɗanda in wuta ta daɗe a ɗauke aikin shekaru zai lalace. Akwai na'urorin hangen ƙananan halittu da girgizar injin daddale ƙasa kaɗai ta isa ta ɓata hotonsu. Shi ya sa ɗauke wuta na awa shida kan ci makonni ana shirya shi.

Kwanon da ya sa ku zagaye, don Allah kada ki taɓa ɗaga shi don yanke hanya. Ƙasa mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya tana kai tan ɗaya da rabi, kuma bangon rami ba ya sallama kafin ya rufta. Dokar kare ma'aikata ta Amurka ta wajabta tokare bangon rami ko kwantar da gefensa da zarar zurfinsa ya kai ƙafa 5, wato kusan mita ɗaya da rabi. Wannan don ma'aikacin da ya san aikin ne, ina ga ɗalibar da ta fito daga karatu da dare.

Inda nake tare da ke ɗari bisa ɗari shi ne ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1999 cewa hayaniyar da ke cikin aji kada ta wuce desibel 35 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). Injin fasa kankare yana kai 100 a kusa da shi, kuma duk ninkin tazara kusan 6 kawai ke raguwa, don haka a nisan mita 30 har yanzu yana wajen 70. Babu malamin da zai koyar a haka. Maganin yana hannun masu tsarawa: a rubuta cikin kwangila sa'o'in da aka hana aiki mai ƙara, a dakatar da shi a makon jarrabawa, ko a sauya wa ajin wuri. Haka ɗauke ruwa. In bututu ne ya fashe, babu wanda ya zaɓi ranar. In kuwa haɗa sabon layi ne, an san ranar tun tuni, kuma haƙƙinku ne a sanar da ku kwanaki kafin nan, a kawo tankar ruwa.

Shawarata, ku je ta hannun ƙungiyar ɗalibai ku rubuta wa sashen ayyuka na jami'ar. Ku nemi ranar da aka tsara kammalawa, da jadawalin ɗauke ruwa da wuta, da sunan jami'in da za a kira in matsala ta taso. Ku haɗa da hotuna masu kwanan wata. Kada ku manta da hanyar zagayen: ku bi ta da dare ku ga ko akwai fitila, ku duba ko mai keken guragu zai iya wucewa, ko motar kashe gobara za ta iya isa ɗakin kwananku. In ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza, shi za ku sa a layin farko na takardar.