Masu sarauta da masu goyon bayan sarauta, ɗaya ne?

Malam, ka tambaya ko "masu sarauta" na nufin magoya bayan mulkin sarki. A'a. Masu sarauta su ne waɗanda aka naɗa wa rawani: Galadima, Madaki, Waziri, hakimai. Wanda kake nufi shi ne mai goyon bayan sarauta, ko mai ra'ayin mulukiya, kuma yana iya zama talaka tuburan da bai taɓa shiga fada ba.

Shi ma iri biyu ne. Wani, tsarin sarautar kansa yake so, ko wa ke kan gado. Wani kuwa sarki guda yake bi, kamar waɗanda suka yi yaƙi domin Sarki Charles na Ɗaya a Ingila daga 1642, har aka fille masa kai a 1649. Don Allah kada ka ce musu fadawa, bafada aikinsa daban.