Kada ka loda kekenka a mota, amma ka saurari abin da ya same ni

Wannan amsa ce da na rubuta wa wani matafiyi a lokacin annobar korona.

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, cewa ka taso daga Legas a kan keke, yanzu kana Jos, Gombe ce ƙarshen tafiyarka, kuma 'yan gida suna matsa maka ka loda keken a mota tunda korona ta sake tasowa. Wallahi da na karanta sai da jikina ya yi sanyi, domin a wannan hanyar na sha tawa wahalar a farkon Afrilun 2020.

Ni daga Ibadan na taso a tsakiyar Maris, lokacin ba a ɗauki cutar da muhimmanci ba, duk da an samu mutum na farko a Legas tun 27 ga Fabrairu. Ina tsakiyar hanya aka kulle Legas da Abuja ranar 30 ga Maris, jihohi kuma suka fara rufe iyakokinsu. Kafin na shigo ƙasar Bauchi labari ya riga ya game ko'ina cewa Gwamna Bala Mohammed ya kamu, saboda haka duk baƙon da ya ce daga kudu yake, kallon mai ɗauke da ajali ake yi masa.

Shawarata ita ce ka ƙarasa a kan kekenka, domin kai kaɗai a sarari ya fi maka aminci a kan cunkuson mota, inda za a matse ku na tsawon sa'o'i kuma ba ka san wanda ke gefenka ba. Daga Jos zuwa Bauchi akwai gangara mai daɗi ta wajen Tilden Fulani, sai dai ka duba birkinka kafin ka taso. Daga Bauchi zuwa Gombe kusan kilomita 150 ne, kuma ka raba su kwana 2, kada ɗokin gida ya sa ka yi su a yini guda.

Wannan ɗokin ne ya kusa halaka ni. Na tsallake gadar Dindima da hantsi, na wuce Alƙaleri ban tsaya ba, ruwana ya ƙare bayan la'asar, ga tayar baya ta yi faci, ga zafin bazara. Na tura keken har wani ƙauye ana kiran magariba, na yi sallama, na nemi ruwa da inda zan ɗan kishingiɗa a barandar masallaci. Wani dattijo ya tambaye ni daga ina nake, na gaya masa gaskiya. Nan take ya ɗaga murya ya ce na kawo musu cuta, ya hana yaron da ya ɗebo mini ruwa ya matso kusa da ni, ya zubar da ruwan a ƙasa ina kallo. Ban roƙe shi ya gaisa da ni ba, ban nemi shiga gidan kowa ba. Da ya ajiye kwanon ya ja da baya, da ya isar. Na san tsoro ne ya sa shi, na kuma yi ƙoƙarin yafe masa, amma har yau idan na tuna yadda ƙasa ta shanye ruwan nan, sai zuciyata ta yi nauyi. A gindin bishiya na kwana a bayan gari, sai cikin dare wata baiwar Allah ta aiko mini da fura.

Saboda haka duk garin da za ka kwana, ka isa da sauran rana, ka fara zuwa wurin mai unguwa da takunkuminka a fuska. Yanzu hunturu ne, ƙura za ta sa ka tari, kuma tari ɗaya a gaban jama'a ya isa a kore ka, don haka ka riƙa jiƙa maƙogwaro, ka kuma riƙe kayan faci da famfo. Idan zazzaɓi ya kama ka ko ka daina jin ƙamshi, ka dakatar da tafiyar ka nemi a yi maka gwaji.

Da na gangaro daga Tumfure na hango Gombe a ƙasa, sai da na yi kuka. Amma ban shiga wurin Hajiyarmu ba, domin tana fama da ciwon suga. Kwana 14 na yi a ɗakin zaure, muna gaisawa ta taga. Idan kana da tsoho a gida, ka yi waya tun daga Bauchi a share maka ɗaki. Allah ya kawo ka lafiya.