Ni da uwargida muna son zuwa bakin teku a ƙasar waje, ta ina za mu fara?

Ɗan'uwa na Ringim, ka ce ba ka son ɗan tsakiya ya shirya muku tafiyar. Shawarata ku fara da Kwatano a Jamhuriyar Benin. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, saboda yarjejeniyar ECOWAS, har kwana 90. Fasfo kawai za ku riƙe, kowa da nasa, da katin rigakafin cutar shawara.

Ku bari sai an gama girbi, an sayar da riɗi, Disamba ko Janairu, lokacin ruwan sama ya ɗauke a can. Daga Kano ku sauka Legas, ku tsallaka iyaka ta Seme. Ku canji sefa kafin ku shiga gari.

Masauki kuwa, ka nemi kusa da Fijirose, wata unguwa a bakin teku a Kwatano, kuma kada ka tura kuɗi sai ka ga ɗakin da idonka. Hoton intanet ya taɓa cuta ta, na tarar fanka ma ba ta juyi. Idan Hajiya ta yi marmarin tuwo, unguwar Zongo cike take da Hausawa da masallatai.

Amma fa tekun nan ba kogin Haɗeja ba ne, igiyarsa tana ja da ƙarfi. Ku tsaya inda ruwa ke taɓa idon sawu.